Basilin a fatar ido lokacin hunturu: abin da Vaseline Blue Seal yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa wajen ƙarshen Nuwamba, da leɓe da dunduniya ake fara kuka. Ba a cika maganar fatar ido ba, alhali tana cikin wuraren da suke fara jigata. Mutum zai tashi da asuba ya ji marfin idonsa yana ja kamar an ɗaure shi. In ya duba madubi sai ya ga wurin ya yi furu-furu, da 'yan ɓawo farare a cikin ninkin fatar, wani lokacin har da 'yar tsaga a kusurwar ido ta wajen kunne, wadda take raɗaɗi duk sanda ruwan alwala ya taɓa ta. Abin da hannu yake fara kaiwa gare shi a yawancin gidaje shi ne robar basilin mai shuɗin murfi, wato Vaseline Blue Seal. A ganina hannun bai yi kuskure ba. Cikin duk mayukan da ake samu a kemis da kantin unguwa, babu wanda na fi amincewa da shi kusa da ido kamar wannan, matuƙar dai nau'in Original ne, kuma an san yadda ake shafa shi. Sai dai da yawa ba su sani ba, shi ya sa wasu suke cewa bai yi musu komai ba, wasu kuma su ce ya ƙara musu matsala.

Sai an fahimci fatar kafin a fahimci man. Fatar marfin ido ita ce mafi siranta a jikin ɗan Adam, kaurinta wajen rabin milimita ne, kuma kusan babu kitse a ƙarƙashinta. Ga shi ba ta hutawa: mutum yana ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, kowace ƙiftawa kuma naɗe fatar take yi ta warware. Fata mai laima tana jure wannan. Wadda ta bushe kuwa, a kan layin ninkin take fara tsagewa, kamar yadda busasshiyar fatar akuya take karyewa a inda aka lanƙwasa ta. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Katsina da Damagaram, laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana a watan Janairu, saboda haka ruwan da ke cikin fata yana ficewa da sauri. A haɗa da wanke fuska sau da yawa a yini, da sabulu mai kaifi, da ruwan zafin da ake wanka da shi saboda sanyi, sai ɗan maiƙon da ke tsare fatar ya wanke gaba ɗaya.

Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa ko ɗigo. Wannan ita ce maganar da ya kamata a riƙe. Babu ruwa a cikinsa, babu bitamin, babu magani. Cakuɗa ce ta kakin ma'adinai da man ma'adinai da aka tace daga ɗanyen man fetur. Wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ne ya ga ma'aikatan rijiyoyin mai a Pensilbaniya suna shafa dattin kakin da ke taruwa a injinansu a kan rauni, a 1859, ya yi shekaru yana tace shi, ya yi masa rajista a 1872. Yau kamfanin Unilever ne yake da sunan. Aikinsa guda ɗaya ne: ya kwanta a saman fata ya toshe hanyar da ruwa yake bi ya tsere. A wannan aikin babu mai kama ƙafarsa, don yana rage ficewar ruwa daga fata da fiye da kashi 90 cikin 100, abin da man kwakwa da man zaitun ba sa kusantarsa. Idan aka tsare ruwan, fatar da kanta take gyara ɓarnar da ta same ta cikin 'yan kwanaki.

Rashin komai a cikinsa shi ne babban abin yabonsa a nan. Yawancin mayukan fuska ruwa ne da mai aka haɗa, kuma duk abin da yake da ruwa dole a zuba masa sinadarin hana lalacewa, a ƙara turare, a ƙara abin da zai riƙe haɗin. Waɗannan ƙarin su ne suke sa fatar ido ƙaiƙayi da kumburi, don siririyar fata tana shan sinadari fiye da ta kumatu. Basilin Original abu ɗaya ne tal, ba ya tsami, ba ya yin wari in ya daɗe, kuma da wuya ƙwarai a sami wanda jikinsa bai karɓe shi ba. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ambaton fatar ido ƙarara cikin wuraren da ake shafa shi in sun bushe. Hasali ma, yawancin man shafawar da likitocin ido suke rubutawa a matsa a cikin ido, irin su tetracycline da chloramphenicol, a cikin tataccen farin basilin ake kwaɓa maganin.

To amma kalmar Original tana da muhimmanci. Blue Seal yana zuwa kala-kala: akwai mai koko, akwai mai alobera, akwai na jarirai, akwai na maza. Duk wanda aka buɗe aka ji ƙamshi, to ba na ido ba ne, ko da an rubuta na jarirai a jikinsa. A juya robar a karanta abin da aka haɗa: in an ga wani abu bayan petrolatum, a ajiye shi don ƙafa da gwiwar hannu. Haka nan basilin rawaya da ake aunawa a kasuwa a ƙulla a leda ko a zuba a robar da ba suna. Ba a san iya tacewar da aka yi masa ba, sau da yawa an zuba masa turare da kala, kuma a buɗe yake yini cikin ƙura. Arharsa ba ta kai a kasada da ido ba. A duba lambar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki, da ko an taɓa ɓalle murfin. Na gaskiya fari ne mai ɗan ratsin rawaya-rawaya, sumul yake, ba gudaji, ba warin kananzir.

Shawarata a sayi ƙaramar roba, mai mililita 50, a ware ta don fuska kaɗai. Babbar robar gida wadda yara suke tsoma yatsa bayan wanka, a shafa a ƙafa a dawo a sake ɗiba, ba ta dace da ido ba. Ƙwayar cuta ba ta samun abin ci a cikin basilin, gaskiya ne, amma ƙura da yashi da dattin farce suna maƙalewa a ciki, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana mutum barci. Ƙaramar robar za ta kai mutum ƙarshen hunturu har ta yi saura in ido kaɗai ake shafa wa.

Ga yadda ake shafa shi. A wanke hannu da sabulu a ɗauraye sosai. A wanke fuska da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, kuma kada sabulu ya hau marfin ido. Ruwa zalla ya isa in ba a sa kwalliya ba. A dangwala tawul mai tsabta sau ɗaya ko biyu, ba gogewa ba, a bar fatar da sauran laima. Kafin ta bushe, cikin minti biyu zuwa uku, a lakato basilin kamar girman ƙwayar shinkafa ɗaya. Wannan na ido biyu ne, ba ɗaya ba. A murza shi tsakanin yatsu biyu har ya narke ya zama kamar ruwa, sannan a rufe ido a dangwala a hankali da yatsan zobe. A fara daga ƙasan gira, a sauko zuwa ninkin fatar, a tsaya. A ƙasan ido kuma a bi kan ƙashin da ake ji in an taɓa. A bar tazarar kamar milimita 2 zuwa 3 tsakanin man da tushen gashin ido. Ɗumin jiki da ƙiftawa za su kai shi sauran wurin da kansu. Idan an gama aka duba madubi aka ga wurin yana ƙyalli kamar an soya ƙosai a kai, to an cika. A ɗora tishu a danna sau ɗaya a cire rarar.

Da dare bayan sallar isha'i shi ne lokacin da ya fi, don an gama wanke fuska na ranar, man zai kwana yana aiki. Wanda fatarsa ta tsage zai iya ƙarawa da safe, rabin wancan adadin. Ga mai yawan alwala, siririn shafi irin wannan maiƙo ne kawai, ba ɓawo yake yi ba, amma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tsaya a na dare, yana wadatarwa.

Kuskure mafi yawa shi ne shafa shi a kan busasshiyar fata. Mutum ya yini a waje, iska ta gama bugunsa, ya dawo ya lafta basilin ba tare da ya jiƙa wurin ba. Babu ruwan da za a tsare, sai dai a rufe ƙurar da ta kwanta a kai. Da safe ɓawon yana nan, sai a ce man ba ya aiki.

Na biyu shi ne kai shi bakin marfin ido, kuma wannan ya cancanci a tsaya a kansa. A gefen marfin, bayan layin gashin ido, akwai wasu 'yan ƙofofi a jere da ido ba ya cika gani, wajen 30 a marfin sama, ƙasa da haka kaɗan a na ƙasa. Ta nan ne wasu ƙananan jakunkuna suke fitar da wani siririn mai da yake shimfiɗuwa a kan hawaye ya hana su saurin bushewa. Duk ƙiftawa tana matso kaɗan. Idan aka riƙa lafta mai kauri a kan ƙofofin, ga ƙura ga guntun kwalli, suna iya cushewa. Daga nan sai ido ya fara yaji da jin kamar yashi, ko wani ƙullutu ya fito a marfin, ko hazbiya. In basilin ya shiga cikin idon ma ba guba ba ne, amma gani zai yi hazo na ɗan lokaci, abin da ba a so ga direba ko ɗan acaɓa da sassafe. Masu sa ɗan gilashin nan da ake liƙawa a ƙwayar ido su cire shi kafin su shafa, don maiƙon yana ɓata shi.

Na uku shi ne yawa. Wasu mutane, in suka daɗe suna cika mai mai nauyi a ƙasan ido, sukan ga wasu 'yan ƙuraje farare masu tauri kamar ƙwayar gero, ba zafi ba ƙaiƙayi. Kada a matse su, kada a sa allura. A rage man, a tsaya a marfin sama, yawanci sukan baje da kansu cikin makonni. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ba na ba da shawarar a ci gaba da shi haka nan a watan Afrilu da Mayu. Cikin zafin bazara basilin yana narkewa ya gangaro, ya haɗu da gumi ya shiga ido, kuma a lokacin damina fatar yawancin mutane ba ta buƙatarsa. Man hunturu ne, da kuma na masu yini cikin sanyin na'urar ofis.

Akwai wani aikin da yake yi da kyau wanda ba a cika yaba masa ba: cire kwalliya. Gazal da jagira da maskara suna narkewa a cikinsa. A shafa kaɗan a rufaffen ido, a jira daƙiƙa 30, a share da auduga mai laushi daga ciki zuwa waje, sau ɗaya a kowane gefen auduga, sannan a ɗauraye. Ya fi dirje ido da sabulu nesa ba kusa ba, kuma dirjewar nan tana cikin abin da yake sa kewayen ido ya yi duhu a fatarmu, don baƙar fata takan mayar da martanin kowace irin gurzawa da ƙarin baƙi. Masu ƙarin gashin ido na kanti su sani mai yana saki gam ɗin. Sannan zancen da ake yaɗawa cewa basilin yana tsirar da gashin ido ko yana goge baƙin ƙasan ido, ba shi da tushe. Yana sa gashin ya yi sheƙi ya kwanta, iyakarsa ke nan.

Ana yawan tambaya ko man kaɗanya bai fi ba. Man kaɗanya mai kyau abu ne mai albarka, yana laushin fata, yana shiga jiki fiye da basilin, kuma bai kai shi danƙo ba. Matsalarsa a ido ita ce ba kowane ƙulli ne iri ɗaya ba. Wani an tace shi sosai, wani da sauran tsakuwa da ƙamshin hayaƙi, wani ya kwana biyu har ya fara ɗaci, wani kuma an cuɗa shi da turare. Wanda yake da amintaccen wurin saye, ya narka shi ya tace da farin ƙyalle mai tsabta, zai iya amfani da shi a irin wannan adadin. Ga fatar da ta riga ta tsage, basilin na fi zaɓa, don na san abin da ke ciki. Mayukan ido na musamman irin su CeraVe Eye Repair Cream kuwa suna da abin da basilin ba shi da shi, wato sinadaran da suke jawo ruwa su riƙe, kuma hoda tana zama a kansu da rana. Amma bututun mililita 14 ne kacal, kuɗinsa ya ninka na basilin sau da yawa, ga jabu a kasuwa. Mai hali zai iya sa shi da safe, ya ɗora basilin kaɗan a kai da dare. Mara hali bai yi asarar wani abu babba ba. Gilisarin da ake kwaɓawa da ruwa a shafa a jiki lokacin sanyi yana yaji in ya shiga ido, kuma shi kaɗai ba ya riƙe laima cikin busasshiyar iska sai an rufe shi da mai.

Inda basilin yake gazawa shi ne inda matsalar ba bushewa ba ce, kuma a nan mutane suke ɓata makonni. In an yi kwana 7 zuwa 10 ana shafawa daidai ba a ga sauƙi ba, ko fatar ta yi kauri, ta yi duhu, tana ƙaiƙayi har cikin dare, to wani abu ne yake taɓa ta. Sau da yawa ba abin da ake sa wa ido ba ne, abin da hannu yake kaiwa ne: jan farce, dayis ɗin ƙunshi ko na rina gashi, turaren da aka shafa a tafin hannu, man zafi da aka murza wa yaro a ƙirji aka manta aka sosa ido. Fatar yatsa mai kauri ce, ba ta nuna komai, sai marfin ido ya ɗauki hukuncin. Hayaƙin turaren wuta a rufaffen ɗaki, gam ɗin gashin ido, da maganin ɗigawa a ido da aka daɗe ana sawa ba tare da likita ba, duk suna yin haka. Maganin shi ne a gano abin a daina. Basilin zai rage raɗaɗi, ba zai kashe wutar ba.

In kuwa ɓawon a tushen gashin ido yake, yana manne kamar amosanin kai, ido yana wayar gari da kwantsa da ja a bakin marfi, to mai ba shi ne farkon abin yi ba. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwa mai ɗumi, irin ɗumin da bayan hannu yake jurewa, wajen digiri 40, a ɗora a rufaffen ido minti 5 zuwa 10, ana sake jiƙawa in ya huce. Sannan a murza marfin a hankali zuwa wajen gashin, a share tushen gashin da tsinken auduga mai laima. Sau biyu a rana da farko, daga baya sau ɗaya. Wannan yana narkar da man da ya daskare a ƙofofin nan da na ambata.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ake komawa gare shi in basilin ya ƙi. A je kemis a ce ido yana ƙaiƙayi, a miƙo man nan mai haɗi uku, irin su Funbact-A, ko a ɗebo daga man bilicin da aka haɗa a gida. Waɗannan suna ɗauke da sinadari mai ƙarfi na dangin steroid, kamar betamethasone ko clobetasol. Kwana biyu ƙaiƙayin zai kwanta, mutum ya yi murna. In aka ci gaba, fatar da dama rabin milimita ce sai ta ƙara sirancewa, jijiyoyi su fito, kuma maganin yana ratsawa ya shiga ido ya ɗaga matsin ruwan cikinsa, wato abin da ake kira hawan jinin ido, ko ya jawo yanar ido. Hawan jinin ido ba ya ciwo da farko, kuma ganin da ya cinye ba ya dawowa. Neomycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin irin waɗannan mayukan, shi kansa yana cikin sinadaran da suka fi jawo borin fata. Idan fatar ido tana buƙatar magani, likita ne zai zaɓi mai sauƙi kamar hydrocortisone kashi 1 na 'yan kwanaki ƙidayayyu, ko tacrolimus wanda ba ya sirantar da fata.

Kwalli ma sai an faɗi gaskiya a kansa, duk da matsayinsa a wurinmu. Yawancin na dutse da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka bi sawu aka gano kwallin da aka kawo daga Najeriya ne, wanda aka auna aka ga kashi 82.6 cikin 100 nasa dalma ce. Haɗa kwalli da basilin yana sa garin ya ƙara mannewa a bakin marfi ya daɗe. A idon jariri da ƙaramin yaro, gara a bar shi gaba ɗaya. Babba kuma da fatar idonsa ta tsage ya dakata da shi har ta warke.

Wasu alamun ba na jira ba ne, kuma ba na kemis ba: marfin ido ya kumbura ya yi zafi da zazzaɓi, gani ya ragu, haske yana soka ido, ƙuraje masu ruwa sun fito a goshi da marfin ido na gefe ɗaya, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido, ko wani miki a bakin marfi ya haura wata guda bai warke ba. Haka yaron da kullum yake murzar ido har farin idonsa ya koma ruwan ƙasa. Waɗannan sai likitan ido, ko a sashen ido na babban asibiti mafi kusa, ko wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. A tafi da duk mayukan da ake shafawa a fuska a cikin leda, har da robar basilin ɗin, likita ya karanta bayansu da kansa.